Gucin: Kayan kiɗan ƙasar Sin da ɗan santsi ke iya ɓata wa sauti

A 1977, lokacin da Amurka ta harba kumbon Voyager zuwa sararin samaniya, cikin sautukan da aka naɗa a faifan zinaren da ke jikinsa har da kiɗan gucin na ƙasar Sin, wanda Guan Pinghu ya kaɗa. A 2003 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin manyan al'adun da ɗan'adam ya gada. Sai dai wannan kayan kiɗa mai tsirkiya bakwai yana da wata matsala da mai koyo ke cin karo da ita tun ranar farko: ba ya son zama wuri ɗaya a kan tebur.

Me ke sa shi zamewa?

Gucin katako ne mai kogo, tsawonsa kimanin santimita 120, wanda ake shafe da ƙaron wata bishiya har ya yi sumul. Kwance ake ajiye shi. Hannun dama na kaɗa tsirkiya, na hagu kuma yana danne ta, yana jan yatsa gaba da baya. Wannan jan ne ke tura katakon.

Babu matakan da ke raba sauti a jikinsa, sai ɗigo 13 da makaɗi ke auna wuri da su. Idan ya gusa ko da faɗin yatsa ne, hannu zai sauka inda bai dace ba, sauti ya kauce.

Yadda ake ɗora shi ma na ƙara haɗarin. Wajen wutsiya yana tsaye ne kan 'yan ƙafafu biyu da Sinawa ke kira ƙafafun dinya, kan kuma yana leƙowa daga gefen dama na tebur, domin maɗauran tsirkiya su yi reto a fili. Da ya zame, maɗauran na iya bugun bakin tebur, ɗauri ya kwance, ko ya faɗo ƙasa. Ba ƙaramar asara ba ce, ganin cewa akwai waɗanda aka sassaƙa tun zamanin daular Tang (618 zuwa 907) da har yanzu ake kaɗawa.

Dabarun makaɗa

A yau mafita mafi sauƙi ita ce 'yan yankakkun roba marasa santsi, ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun, ɗaya a ƙarƙashin kan. Mutanen da kuwa jiƙaƙƙen ƙyalle ko 'yan jakunkunan yashi suke sawa.

Shimfiɗa bargo a kan tebur gyaran gangar auzinawa ne. Kafofin sauti biyu na gucin a ƙasansa suke, kuma muryarsa dama ba ta da ƙarfi, don haka mayafi mai kauri zai shanye ta.

Shi ya sa tebur ya zama tamkar wani sashe na kayan kiɗan. Akan yi shi da nauyi, gajere, yadda kafaɗun makaɗi za su sake. Ma'abota kiɗan a da har manyan tubala masu kogo, irin na kaburburan daular Han, suke nema su mayar saman tebur domin su ƙara wa sauti amo.

Sauran aikin na zama ne da hannu. Makaɗi kan zauna daidai tsakanin ɗigo na huɗu da na biyar, malamai kuma na koya wa ɗalibi ya sauke nauyin yatsa ƙasa, kada ya tura gefe. Roba na riƙe katako, amma gyaran hannu sai da horo.