Gizo-gizo a Gidajenmu: Mu San Shi Kafin Mu Ɗauko Guba

Da zarar hunturu ya kama, ƙura takan sauka a kan yanar gizo-gizo, sai ta fito fili a kowace kusurwa ta ɗaki, da ƙarƙashin kwano, da bayan bencin majami'a. Lokacin ne kuwa iyayenmu mata suke gyaran gida domin Kirsimati, 'yan Zumuntar Mata kuma su shiga sharar ɗakin sujada. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu yi magana shi ne, a gidaje da yawa yanzu an ajiye tsintsiya, an koma ga kwalbar fiya-fiya. To, 'yan'uwa, tsakanin gizo-gizo da wannan kwalba, wanne ya fi haɗari ga 'ya'yanmu?

Su wane ne maƙwabtan nan namu?

Gizo-gizo yana da ƙafa 8, jikinsa kashi 2, ba shi da fiffike. Dangin kunama ne, ba dangin ƙuda ko sauro ba. A shekarar 2022 masana suka cika lissafin iri 50,000 a duniya, amma waɗanda dafinsu yake iya kwantar da mutum kaɗan ne ƙwarai. Waɗanda muka fi gani a ɗakunanmu su ne waɗannan.

Na fari, mai dogayen ƙafafu sirara kamar gashi, wanda yake rataye a kusurwar silin cikin yana marar tsari. In an taɓa yanar sai ya kama karkarwa da sauri domin ya ruɗa maƙiyinsa. Shi ne ya fi ɓata mana ɗaki, amma ba ya cutar mutum.

Na biyu, mai faɗin nan da yake lafewa jikin bango kamar an manna shi, wanda yakan ruga bayan kalanda ko hoto in an matso. Ba ya saƙa. Da dare yake farauta. Akwai kuma babban ɗan'uwansa mai launin ƙasa, wanda macensa take ɗauke da farar jakar ƙwai a ƙarƙashin cikinta. Girmansa yana ba da tsoro, amma kyankyaso ne abincinsa.

Na uku, ƙaramin nan mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba, da muke gani bakin taga da rana yana fakon ƙuda. A wajen tafkin Biktoriya, cikin Kenya da Uganda, akwai wani irinsa da masana suka tabbatar ya fi son macen sauro wadda ta sha jini.

Na huɗu shi ne wanda ya kamata mu yi hankali da shi. Turawa suna kiransa gwauruwa mai ruwan ƙasa, ana kuwa samunsa a ƙasashen Afirka masu zafi da dama. Cikinsa ƙulu-ƙulu ne kamar ƙwayar gujiya ƙarama, a ƙarƙashin cikin kuma akwai tambari ja ko ruwan lemo mai siffar kalangu. Alamar da ta fi sauƙin ganewa ita ce jakar ƙwansa: zagaye take, da tsini-tsini kewaye da ita kamar ƙarangiya. Yana son wuri mai duhu kusa da ƙasa: ƙarƙashin benci da kujerar roba, cikin tsohuwar taya, bakin bokiti, ramin bulo. Ba ya bin mutum. Sai an danne shi da hannu yake cizo. Saboda haka masu sharar ajin makarantar Lahadi su riƙa kifa benci su duba, gama nan ne yara suke cusa yatsu.

Batun fitsarin tautau

Mutum ya tashi da safe ya ga fatar wuyansa ta sale ta yi ƙuraje masu ruwa, sai a ce tautau ya yi masa fitsari. Rashin sani ya fi dare duhu. Sau da yawa mai laifin wani ɗan siririn ƙwaro ne, tsawonsa kamar santimita 1, baƙi da ja-ja, wanda yake zuwa wurin fitila da dare, musamman da damina da kuma kusa da fadama. Ba ya cizo. In aka murtsuke shi a jiki ne ruwan jikinsa yake ƙone fata bayan kwana 1 ko 2. In ya sauka maka, ka hure shi. In ka riga ka murtsuke, ka wanke wurin da sabulu nan da nan, kada kuma hannun ya kai ido.

Wani lokaci kuwa cuta ce daga cikin jiki. Ƙwayar cutar ƙarambau takan kwanta a jijiya shekaru da yawa, sa'an nan ta farka ta fito da ƙuraje a jere, a gefe ɗaya na jiki, da zafi kamar wuta. Maganinta ya fi aiki in an fara cikin kwana 3. Ta fi kama tsofaffi da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Wanda ya zauna yana shafa toka yana zagin tautau, lokacin magani ne yake wuce shi.

Garin neman gira

Fiya-fiya da Sniper suna ɗauke da guba mai ƙarfi da aka yi domin gona. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantuna na kowa da kowa saboda ɓarnar da yake yi. Duk da haka akwai masu yayyafa shi a ɗaki, su rufe ƙofa, su shimfiɗa wa yara tabarma. Gubar tana shiga ta numfashi da ta fata. Alamunta su ne dalalar miyau, zufa, amai, da sarƙewar numfashi. In haka ta faru, a fitar da mutum waje, a tuɓe masa tufafin, a wanke shi, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Kada a ɗura masa manja ko madara. Garin neman gira kada mu rasa ido.

Abin da za mu yi

A ɗaura tsintsiya a kan gora a bi kusurwoyi sau ɗaya a mako, a haɗa da jakunkunan ƙwai a zuba a wuta, gama jaka guda tana iya ƙyanƙyashe 'ya'ya masu yawa. A toshe tsagar bango, a sa raga a taga. A janye kwalaye da buhuna daga jikin bango, itacen girki kuma a tara shi nesa da ɗakin kwana. A rufe sauran abinci, domin inda ƙuda da kyankyaso suka ragu, gizo-gizo ma yakan ƙaura. A kakkaɓe takalmi da tufafi kafin a sa, wannan kuwa har kunama yake tsarewa.

In an yi cizo, a wanke da sabulu a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a yi tsaga, kada a ɗaure, kada a tsotsa. In aka ga murɗawar ciki, ɗaurewar jijiyoyi ko zufa mai yawa, musamman ga yaro, sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

A cikin Ayuba 8:14 an kwatanta abin dogarar mai mantawa da Allah da saƙar gizo-gizo, wato abin da ba shi da ƙarfi. Abin da Littafi Mai Tsarki ya ɗauka a matsayin misalin rauni, tsintsiya ta ishe shi. Allah ya danƙa mana gidajenmu da 'ya'yanmu amana, bari mu riƙe ta da tsabta da kuma sani. Dattawan ikilisiya da shugabannin mata, muna roƙo a sanar da wannan a taron mako. Ubangiji ya kiyaye mu da iyalanmu duka. Amin.