Farin Fenti, Tsatsa da Zafin Rana

Matatar mai irin ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 kudu da kogin Kaduna, ba ta rabuwa da iskar haidurojin, domin da ita ake cire farar wuta daga mai. Da ita kuma ake haɗa takin yuriya da manomi ke zuba wa masara. Kusan dukkanta daga gas da kwal ake samo ta, da hayaƙinsu da komai.

Alhali ga ta nan cikin ruwa, haɗe da oksijin. Raba su ne aiki. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda suka nuna cewa haske zai iya. Abin da suka tsoma a ruwan titaniyam dayoksaid ne, sinadarin da ke sa farin fenti fari. Yana cikin dangin semikondakta: ba ya sakin wuta kamar wayar tagulla, ba ya tare ta kamar roba. Idan haske ya buge shi sai ilektiron ya tashi ya bar gurbi. Gurbin ya fizgo oksijin daga ruwa, ilektiron ya je ya saki haidurojin, sai ka ga kumfa na tasowa.

Sai dai sinadarin nan tsirfa gare shi. Wani nau'i na hasken da ido ba ya gani kawai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa masana suka waiwayi hematait, ɗan'uwan tsatsar da ta cinye kwanon rufin masaƙun Kakuri da aka rufe. Ga araha, ga shan haske, amma ilektiron ɗinsa kan koma gurbi tun bai yi aikin komai ba.

A 2021 tawagar Kazunari Domen a Japan ta shimfiɗa farantan raba ruwa da hasken rana masu faɗin murabba'in mita 100. Ƙasa da kashi 1 na ƙarfin ranar ne ya zama haidurojin, ga shi ana neman wajen kashi 10 kafin ciniki ya biya. A ganina, da sauran rina a kaba.

Don haka duk wanda ya tare ka a Sabon Tasha ko Barnawa da janareta mai aiki da ruwa zalla, riƙe kuɗinka. Ruwa ba mai ba ne. Ƙarfin da haidurojin ke bayarwa idan ta ƙone, shi ne wanda aka kashe wajen raba ta da oksijin, kuma kullum da asara a tsakani.