Kwana Shida a Yankari: Abin da Jadawalina Bai Hango Ba

Duk lokacin da aka rufe jami'a na dawo gida Babban Mutum, akan tare ni da cewa, "Malam, an zo hutu?" Nakan amsa da e, alhali ni da mai tambayar mun san ba haka zancen yake ba. Abin da ma'aikaci yake kira hutu a ƙasar Daura zagayen sauke nauyi ne: ta'aziyyar da ta wuce shi, barkar haihuwa, ɗaurin aure a Baure, dubiya a Zango, sasanta rikicin iyakar gona tsakanin 'yan uwa. Duk alheri ne, ba kuwa zan so a daina ba. Sai dai mutum yakan koma bakin aiki da gajiyar da ta fi wadda ya zo da ita. Uwargida kuwa, abin da hutun yake canza mata shi ne girman tukunya.

Wannan ne ya sa na shekara ina zubin adashi da abokan aiki, da niyyar in kwashi iyali mu tafi inda babu wanda ya san mu, mu kwana shida. Da maganar ta fita, wani baffana ya kira ni ya ce kuɗin da zan kai wa birai sun isa sayen bijimi. Lissafinsa daidai ne. Saboda haka nake ganin wanda zai kashe kuɗin bijimi a kan hutu, wajibi ne ya zauna ya tsara shi, don kada ya dawo babu bijimin, babu hutun.

Tambayar farko ita ce, ina ne zai iya riƙe iyali tsawon mako? A Amurka, Walt Disney World da aka buɗe a 1971 kusa da birnin Orlando ya ƙunshi manyan wuraren wasa huɗu da otal-otal masu yawa, har iyalai kan yi watanni suna shirya yadda za su raba kwanakinsu a ciki. Mu ba mu da irinsa. Magic Land na Abuja da gidan zu na Kano wuraren yini guda ne, kafin la'asar yaro ya gama da su. Marigayi Audu Baƙo, gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya hango buƙatar wuraren shaƙatawa da ake kwana, ya gina na Bagauda da na Tiga, amma yau harabar Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Abin da ya rage mana a kusa, mai masauki da abin kallo da wurin wanka a haɗe, shi ne gandun dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alƙaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne mafi yawan iyaye suke yin asara tun ba su bar gida ba. Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. A lokacin ciyawa ta rufe daji, ruwa ya kwanta ko'ina, dabbobi sun warwatsu, ba abin da zai tilasta wa giwa zuwa bakin kogi. Ga shi kuma mai gona a ƙasarmu ba ya barin gero a watan Agusta ya tafi kallo. Dabbobin suna taruwa ne a bakin kogin Gaji idan rani ya yi nisa, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, amma a nan zafi ya kankama, kuma a 'yan shekarun nan azumi yana shigowa cikin wannan tsakani. Mu hutun Disamba muka zaɓa. Ba a ganin dabbobi kamar na bazara, baƙi kuma suna yin yawa a kwanakin Kirsimeti da sabuwar shekara, don haka sai an kama ɗaki da wuri. Ladan zaɓin shi ne ruwan Wikki, wanda yake ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garau, da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya shige shi da sanyin safiyar hunturu ya san abin da ya biya.

Hanya ita ma tana cin nata rabon. Daga Babban Mutum sai ka bi Babura zuwa Kano, ka ɗauki Wudil da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, sannan ka kama hanyar Gombe ka ratse a Dindima. Ko ka isa ƙofar gandun a Mainamaji, da sauran tafiya mai tsawo cikin daji kafin masaukin Wikki. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 1,000 ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama shi ne kan gaba a lissafi. Ni ba na tafiyar dare da yara a zamanin nan, ban kuma ba kowa shawarar yi ba. Mun kwana a Bauchi, muka ziyarci hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da safe, muka shiga gandun da rana tsaka. Ke nan hutun kwana shida ya cinye kwana tara na kalanda, abin da mai neman izini a wurin aiki ya kamata ya sani.

Kuskurena ya faro ne daga halin malanta. Na zana jadawali kamar na zangon karatu: kowace rana fita kallon dabbobi da sassafe, wanka da hantsi, gidan adana kayan tarihi bayan azahar, wata fitar da yamma. A raina, tunda an biya, kada sa'a guda ta tafi a banza. Ranar farko yara sun yi ta ihu da suka ga gwanki da gadu da garken ɓauna. Rana ta biyu suka ga gwanki da gadu. Rana ta uku autarmu ta yi barci a motar zagaye, babban ya tambaye ni ko akwai jarrabawa a ƙarshe. Giwar da muka zo dominta ba ta fito ba, duk da cewa garken Yankari yana cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Daji ba gidan zu ba ne, dabba ba ta karɓi albashin kowa ba.

Daren nan ne uwargida ta ce da ni, "Baban yara, kai ka zo bincike, su sun zo wanka, ni kuwa har yanzu ban ga abin da na zo yi ba." Na rasa amsa. Don in rage kuɗin abinci na sa an taho da risho da shinkafa da mai, ashe ɗakin girki na ɗauko mata daga Babban Mutum na dasa a Bauchi. Ga tsaron kwanuka daga gwaggon birai, waɗanda suka gwanance wajen shiga ɗakin da aka bari a buɗe da fizge leda a hannun yaro. Ga shi kuma ba ta taɓa ruwan ba, domin lokacin da na ware wa wanka shi ne lokacin da maza suka cika wurin. Ban tambaye ta ba sa'ad da nake zana takardata, ban kuma tambayi 'yata mai shekara goma sha huɗu ba, wadda ita ma a bakin matakala take zama.

Washegari muka sake lale. Aka soke fitar yamma gaba ɗaya. Rana ta huɗu ba mu je ko'ina ba. Uwargida da 'yarta suka sauka ruwa da gari ya fara wayewa, kafin jama'a su tashi, cikin suturar da suka gamsu da ita, ni ina daga sama ina gadi. Abincin rana muka koma saye, na dare kuwa ni da babban ɗana muka karɓi risho, aka ci abin da ya samu. Rana ta biyar muka je kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, muka kuma ji labarin tsofaffin rijiyoyin Dukkey. Abin mamaki, yaron da ya gaji da gwanki ya fi awa yana tambayar wa ya haƙa, da me ya haƙa, me yake gudu.

Da zan sake, da tun a gida zan tara kowa in tambaye shi abu guda da yake so, in rubuta waɗannan kawai, in bar aƙalla rana ɗaya cikin uku babu komai a kanta. Fitar kallon dabbobi biyu ta isa, ɗaya da safe ɗaya da yamma, da rata a tsakani. Zan kasa kuɗi gida uku, na hanya da na masauki da na ci, in ɓoye wani abu a gefe saboda mota ko zazzaɓi, in riƙe tsaba a hannu, domin a tsakiyar daji ba a dogara da tura kuɗi ta waya. Gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro su ne farkon shiga jaka. Ruwan Wikki yana da wurare masu zurfin da ya shanye tsawon yaro, kuma yaranmu na tudu ba su iya iyo ba, don haka babba ba ya kau da ido. Akwai ma wata mas'ala da ta taso mana a can: a mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ba ya kasaru, sai ya cika sallarsa. Mai dogon hutu mazaunin gari ne ko a wurin malaman fiƙihu, ni ne kawai na ɗauki kaina mai wucewa da ke sauri.

A safiyar da za mu tafi, bayan mun ɗaure kaya mun kama hanyar fita zuwa Mainamaji, sai na ga motar gabanmu ta tsaya cak. Giwaye ne suke tsallaka hanya, manya da 'ya'yansu, ba sa ko duban inda muke. Na kashe mota muka jira. Da muka iso gida baffa ya tambayi autarmu me ta gani a can, ta ce ta ga Baba yana wanke tukunya.