Farautar tushen kansar ƙwaƙwalwa: inda bincike ya kai, da inda majinyacin Awe ya tsaya

Manoman Awe a Jihar Nasarawa sun san halin tofa: a sare ta, a ƙone ta, da zarar damina ta faɗi sai ta sake tsirowa, domin saiwarta na kwance a ƙarƙashin ƙasa. Irin wannan hali ne da giliyobilastoma, kansar ƙwaƙwalwa mafi muni a tsakanin manya, wadda ta yi ajalin Sanata Edward Kennedy na Amurka a 2009 da Sanata John McCain a 2018.

Tun 2005, bayan gwajin da Roger Stupp ya jagoranta, tsarin maganinta bai sauya sosai ba: tiyata, sai gashi da na'ura, haɗe da maganin temozolomide. A gwajin, matsakaicin tsawon rayuwar majinyata ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Kusan kullum ƙarin yakan dawo, kuma waɗanda ke kai shekara 5 ba su kai 1 cikin 10 ba.

Me ke dawo da shi? A 2004, Sheila Singh da Peter Dirks a birnin Toronto na Kanada sun ware wasu ƙwayoyin halitta masu ɗauke da alamar CD133 daga ƙarin ƙwaƙwalwar mutane. Guda 100 kacal sun isa haifar da sabon ƙari a kan ɓera, alhali 100,000 marasa alamar sun kasa. Waɗannan su ake kira ƙwayoyin tushe, domin suna sabunta kansu, suna kuma haifar da sauran ƙwayoyin ƙarin.

A 2006, tawagar Jeremy Rich a Jami'ar Duke ta nuna cewa sun fi sauran saurin gyara ɓarnar da gashi ke yi wa gadon halittarsu. A 2012 kuma, Luis Parada a Dallas ya gano a jikin ɓeraye cewa akwai masu lafewa kamar barci har guguwar magani ta wuce, sannan su farka. Maganin da ke bin ƙwayoyi masu saurin rarrabuwa sai ya tsallake su.

Daga nan masana suka juya ga tushen. Wasu na neman rufe hanyoyin saƙo da ƙwayoyin ke rayuwa da su. Wasu na horar da ƙwayoyin garkuwar jikin majinyaci su farauci ƙarin: a 2024, wani asibiti a Boston ya ba da rahoton mutum 3 da ƙarinsu ya ragu cikin kwanaki, sai dai ya dawo wa 2 daga cikinsu. A 2017 ma an nuna a ɗakin gwaji cewa ƙwayar cutar Zika na kashe ƙwayoyin tushen.

Cikas biyu ne suka fi girma. Na farko, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa na hana yawancin magunguna shiga. Na biyu, binciken 2019 ya nuna ƙwayoyin ƙarin na rikiɗa daga wani yanayi zuwa wani, don haka an kashe maciji ba a sare kansa ba muddin wasu za su iya maye gurbin waɗanda aka hallaka.

Ga mutumin Awe kuwa, gwagwarmayar tana farawa tun kafin nan. Ciwon kai mai tsananta da asuba haɗe da amai, farfaɗiyar da ta fara a girma, shanyewar ɓarin jiki ko sauyin ɗabi'a, sau da yawa akan danganta su da iska ko sammu. Wanda ya je asibiti, za a tura shi Lafiya ko Keffi, daga can zuwa Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, inda ake gashi.

Nan ne aikin ya faɗo kan teburin ma'aikatan tarayya. Tun 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gwajin sauyin IDH cikin sharuɗɗan tantance wannan cuta, gwajin MGMT kuma kan nuna wanda temozolomide zai fi yi wa amfani. Duk sabon maganin da zai zo, sai da irin waɗannan gwaje-gwaje za a san wanda ya dace da shi. Asusun tallafa wa masu kansa na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ya rage ga cibiyar NICRAT, hukumar inshorar lafiya ta NHIA da masu tsara kasafi su sanya ɗakunan gwajin tsoka, na'urorin hoton ƙwaƙwalwa da horar da likitocin tiyatarta cikin lissafi. In ba haka ba, ranar da maganin tushen ya samu, majinyacin Awe a labari kawai zai ji shi.