Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu a Kan Keke, Ba Ta Kwalta Ba

Ranar 7 ga Yulin 2024, gasar tseren keke mafi girma a duniya, Tour de France, ta sauka daga kan kwalta ta shiga hanyoyin gona a kewayen birnin Troyes na ƙasar Faransa. Sau 14 mahayan suna faɗawa farar tsakuwa, jimilla kusan kilomita 32, ƙura ta turnuƙe har ba a gane fuskokinsu. Wani Bafaranshe, Anthony Turgis, shi ya zo na ɗaya. Kafin ranar an yi ta muhawara a Turai ko ya dace a jefa zakarun duniya a irin wannan hanya. Da manomin Zauro ko na Alwasa a jihar Kebbi zai ga hotunan, da wuya ya gane abin da ake wa hayaniya, don hanyar da yake bi kullum da buhun taki a bayan kekensa ta fi wannan muni.

Hawan keke a hanyar burji ya zama wasa mai zaman kansa, har hukumar tseren keke ta duniya ta fara shirya masa gasar zakaru a 2022 a Italiya. Faransawa sun daɗe da ɗanɗana shi. Tun 1984 ake wani tsere mai suna Tro Bro Léon a yankin Biritani, wanda daɗinsa duka yana cikin lungunan da manoma ke bi tsakanin gonaki, kuma daga 2018 tsohon tseren Paris-Tours ya fara ratsa gonakin inabi. Amma ba 'yan tsere ne suka fi yawa a waɗannan hanyoyi ba. Magidanta ne da iyalansu da matasa masu hutu, suna bin tsofaffin layukan dogo da aka cire wa ƙarfe, da gefen magudanan ruwa irin Canal du Midi da aka kammala tun 1681. Hanyar keke ta gaɓar kogin Loire kaɗai ta kai kimanin kilomita 900. Ko'ina akwai allon da ke nuna gari na gaba da nisansa, akwai masauki, akwai mai gyara. Ƙauyukan da hanyar ta ratsa suna cin abinci da ita.

Kwarin Rima ba shi da allo ko ɗaya na mai keke, amma hanyoyin suna nan, kuma ba jiya aka fara bin su ba.

Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce a kan kwalta, ta Ambursa inda filin jirgin sama yake. Kwaltar tana bin tudu. Gulbi yana can ƙasa, ya baje cikin fadama mai faɗi, kuma tsakaninsa da titi ne ƙananan hanyoyi suka yi rassa: wata ta burji da mota ke iya shiga, wata ta amalanken shanu, wata kuwa kunyar gonar shinkafa ce kawai wadda taya ɗaya ke iya bi. Mai keke yana iya fita daga Birnin Kebbi ta gindin Dutsen Dukku da sassafe, ya gangara fadama, ya yi ta bin gefenta ta wajen Zauro, yana hawa tudu idan ruwa ya tare shi.

Ƙasa iri uku zai taka, kowace da halinta. Jan burji ya fi sauƙi, sai dai inda motoci suka mayar da shi gargada, nan hannu da ƙugu ke shan wahala. Laka ta fadama idan ta bushe takan yi tauri kamar daɓen ɗaki, keke ya yi ta gudu, amma inda shanu suka taka ta tana ɗanya sawun kofato kan daskare ya zama ramuka. Yashi shi ne babban abokin gaba. Da zarar tayar gaba ta nutse, kan keke ya fara lilo, wanda bai saba ba sai ya matse birki ya faɗi. Mutanen ƙauye sun san dabarar: a koma da nauyi baya a kan sirdi, a sassauta riƙo, a ci gaba da taka feda, idan abin ya ƙi a sauka a tura ba tare da jin kunya ba. Sun kuma san cewa tayar da aka ɗan rage wa iska ta fi tafiya a yashi. Masu tsere a Turai ma haka suke yi, sai dai su da ma'aunin iska a aljihu.

Sai ƙaya. Tsidau yana kwance a ƙasa yana jiran taya, ƙarƙashin aduwa da bagaruwa kuma ba wurin ajiye keke ba ne. Kekunan burji na zamani suna da taya mai faɗin milimita 40 zuwa 50, da yawansu ba tub a ciki, sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe huda tun mahayi bai lura ba. A nan maganin ƙaya shi ne mai faci. Yana zaune a bakin kasuwa da kwanon ruwa, ya hura tub ya nutsa shi har sai kumfa ta nuna inda hudar take, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya manna guntun tsohon tub, ya danne da babban yatsa. Kafin nan kuma sai ya shafa cikin taya a hankali ya zaro ƙayar, don wanda ya manta da wannan zai dawo kafin la'asar.

Keken da ya mallaki waɗannan hanyoyi shi ne tsohon baƙin keke mai birkin ƙarfe da kariya, irin Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin da Hero na Indiya. Ba shi da giya, nauyinsa ya ninka na keken tsere, amma yana ɗaukar jarkoki da buhun shanshera da kwandon kifi, wani lokaci har da fasinja. Babur ya so ya kore shi. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kekuna da yawa da aka jingine a zaure suka sake fitowa.

Lokaci ne ke yanke hukuncin ko hanya tana nan ko babu ita. A Faransa da bazara ake fita. A nan daga Agusta zuwa Oktoba fadama ta ruwa ce, musamman idan aka saki ruwa daga madatsun Goronyo da Bakolori. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a jihar Kebbi. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40, ba mai hankalin da zai yi doguwar tafiya bayan hantsi. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu: ruwa ya ja, laka ta bushe, hunturu ya sanyaya gari, shinkafar rani ta fara kore, injinan ban ruwa suna ta ƙugi. Ko a lokacin, hanyar bara ba lallai ta zama ta bana ba, domin gulbi yana sauya kwanciya. Taswirar waya ba ta san wannan ba. Tambaya ita ce mafita: “Sannu da aiki, Baba. Wannan hanyar tana ɓullewa?” Idan ya ce “Sai dai ka bi ta sama, yaro, akwai ruwa gaba,” to a bi ta sama. Inda ba makawa sai an haye, mai fito zai kwantar da keke a cikin kwale-kwale.

Abin kallo kuwa bai gaza na kowace ƙasa ba. Birnin Kebbi tsohuwar hedikwatar Kabawa ce wadda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci a 1805, kuma a shekarar ne aka gwabza yaƙin Alwasa, garin da matafiyi zai gifta kafin Argungu. A Argungu akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fada da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, akwai kuma Matan Fada inda ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Dubban baƙi kan zo, su kalli masunta da homa da gora, su koma mota su tafi ba tare da sun ga fadamar da ke ciyar da garin ba. Wannan asara ce. Kenya ta gane haka: tun 2021 ake tseren keken burji na kwana huɗu a yankin Masai Mara, mahaya daga ƙasashe daban-daban suna zuwa.

Ba za a ɓoye maganar tsaro ba. Harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera a ƙaramar hukumar Augie a Nuwambar 2024 ya nuna cewa yankin arewa da Argungu ba wurin yawon baƙo shi kaɗai ba ne. Tafiya cikin ayari, da rana, tare da ɗan gari, bayan an gaida hakimi ko mai gari an faɗi abin da ya kawo mutum, ita ce hanyar da ta dace, kuma dama haka al'adar wurin take.

Abin da Faransawa suka kashe wa kuɗi ba shi da yawa idan aka kwatanta da gina titi: alamomi, taswira, da sunayen wuraren kwana da na gyara. A kwarin Rima aikin zai fi haka wuya ta fuska ɗaya, tunda sai an sake duba hanyar kowace shekara bayan ruwa ya ja. Masu iya wannan dubawa suna nan a Zauro da Gulma da Sauwa, masunta da manoman rani da masu kai nono kasuwa, kuma ƙungiyar matasa masu keke da ke son fitar da hanya ta farko daga Dukku zuwa Matan Fada wajensu za ta fara zuwa.