Baƙin Man Tarakta: Araha Ba Ta Ado

Jama'a, mu 'yan hatsi na Limawa mun lura, in tarakta ta tsaya farkon damina, shuka kan makara, sai buhun gero ya hau a kasuwar Shuwarin. Sau da yawa baƙin mai ne sila.

To, injin gas mansa daban da na fetur. A duba jikin galan: harafin C na gas ne, S na fetur. Zafin ƙasarmu sai mai lamba 40, ko 15W-40. A guji na kwalba a bakin titi, wani tsohon mai ne aka tace. A juye shi duk awa 250 tare da filta. Galan rufaffe ya fi sauke inji sauƙi.