Takardun Bashin Gwamnati: Yadda Ake Karanta Farashi, da Kuɗin Shiga

Duk wanda ya leƙa jadawalin farashin takardun bashin Gwamnatin Tarayya a kasuwar FMDQ ta Legas, zai ci karo da lambobi irin su 92.00 ko 104.50, babu alamar naira a gefensu. Waɗannan lambobi kaso ne cikin ɗari na uwar kuɗin da gwamnati ta yi alkawarin mayarwa ranar da wa'adi ya cika.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari na son takarda mai darajar naira 1,000,000, wadda ruwanta kashi 14 ne a shekara, farashinta kuma 92. Naira 920,000 zai biya. Amma ruwan a kan miliyan ɗin ake lissafa shi, wato naira 140,000 a shekara, rabi bayan kowane wata shida. Ranar cikar wa'adi kuma miliyan ɗinsa zai karɓa cif, wato ya samu rarar naira 80,000 a kan abin da ya biya.

Sai dai akwai wani ƙari da allo ba ya nunawa. Idan wata uku ke nan da biyan ruwa na ƙarshe, mai sayarwa yana da haƙƙin waɗannan watanni, kimanin naira 35,000, kuma mai saye ne zai biya shi. A nan sabon shiga kan yi zaton dillali ya yi masa coge, alhali ƙa'idar kasuwar ce.

Me ke sa takarda ta faɗo ƙasa da 100? Da zarar sababbin takardu sun zo da ruwa mai tsoka, tsofaffin ba sa samun mai saye sai an karya farashi. Haka aka gani a 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.50. A Amurka ma bisa ɗari ake lissafi, sai dai su suna raba ɗigo ɗaya gida 32, don haka 99-16 na nufin 99 da rabi.

Batun kuɗin shiga ne ya fi kashe wa mutane gwiwa. A gwanjon wata-wata na Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, kowace takarda naira 1,000 ce, amma ba a karɓar tayin da bai kai naira 50,001,000 ba. Wannan fage ne na bankuna da kamfanonin fansho da na inshora.

An buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi tasa ƙofar a watan Maris na 2017, da takardar adashen Gwamnatin Tarayya. Da naira 5,000 ana shiga, a ƙara dubu-dubu har zuwa miliyan 50. Wa'adinta shekara biyu ko uku ne, ana biyan ruwa duk wata uku, kuma ta hannun dillalan hannun jari masu izini ake saye.

Ga waɗanda addini ya hana su kusantar kuɗin ruwa, kuma su ne da yawa a Arewa, akwai Sukuk. Na farko na Gwamnatin Tarayya ya fito a Satumbar 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, aka zuba kuɗin a ayyukan hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Abin da mai takarda ke karɓa kuɗin haya ne, an kuma fara saye daga naira 10,000. Abin takaici, har yau bayanin waɗannan takardu ya fi yawa a Turanci, ga shi kuwa gidajen rediyon Hausa na isa lungu da saƙo.

Mai niyyar saye daga hannu na biyu ya nemi dillali ya rubuta masa jimillar abin da zai biya, har da ruwan da ya taru da ladan dillanci, kafin ya tura ko sisi.